Batirin da Ke Kwana a Ɗakina

Maigidana, Allah Ya jiƙan shi, mai jakai ne. Kanwa da gishiri yake ɗaukowa daga hayin iyaka ya kawo kasuwanninmu, kuma tun ina amarya a Gatawa na iske ƙa'idar gidansu: jaki ya kwana a turke da dabaibayi, amma akumari da mangala a ɗaki za su kwana. Yakan ce wanda ya bar akumari waje ya ba ɓarawo rabin jaki. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗauke akumari da hannuna, ba a taɓa sace muna ko igiya ba. To mace irina, wa zai koya mata tsaron dukiya?

Ɗiya tara na haifa, huɗu Allah Ya bar mani. Matan biyu suna gidajen mazansu, babban namijin ya tafi Kudu, sai muryarshi a waya ranar Sallah. Auta kaɗai ya rage kusa da ni. Shekarar da zaman Gatawa ya gagara, gona ta zama wurin da mutum ke zuwa da kalmar shahada a baki, munka kwaso 'yan komatsanmu munka dawo Sabon Birni. Wani ɗan'uwan maigidana ya ba mu ɗaki biyu. Bijimai biyu na huɗa da munka samu munka fito da su, su Auta ya sayar ya sayi mota, tsohuwar hannu amma mai ƙwari, ya shiga jigilar mutane tsakanin Sabon Birni da Isa. Daga bakin motar nan muke ci, ni da shi da matarshi.

Ƙofar gidan ba ta shigar mota, don haka a gindin dogon yaro take kwana, bakin hanya. Ba mu yi wata guda ba anka wayi gari an buɗe motar maƙwabcinmu an ɗauke wani abu. Na kira Auta na ce, "Mi anka ɗauka?"

Ya ce, "Batir, Inna."

"In babu shi mota na tashi?"

"Ko tari ba ta yi."

Na ce, "Ashe shi ne akumarin. Daga yau a ɗakina za ya kwana."

Ya buɗe baki za ya yi magana, na dube shi, ya rufe. Haka na rene su. Kullum in ya dawo ya yi sallar magariba sai ya ɗauki sifana ya kwance batirin, ya rungumo shi kamar jariri ya tura ƙarƙashin gadona. Ni kau in rufe shi da tsohon zane. Da safe ya mayar. Har ina faɗa wa matan unguwa, ina jin daɗin kaina, cewa mu motarmu ko ɓarawo ya zo sai dai ya goya ta.

Ba a jima ba wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Da safe in an tayar da motar sai ta riƙa karkarwa kamar mai masassara, in ya ɗauke ƙafa daga totur ta mutu. Wajen azahar ta ɗan saki jiki, da la'asar ta koma lafiya lau, gobe da safe kuma a koma gidan jiya. Da tafiya ta yi tafiya sai abin ya ƙaru. Ana cikin gudu, in ta faɗa rami, sai ta ɗauke gaba ɗaya.

Akwai wani wuri a hanyar Isa inda ruwa ya cinye gefen kwalbati, tilas kowace mota ta rage gudu ta lallaɓa. Daji ne hagu da dama, kuma kowa ya san abin da ake tsoro a irin wurin ga. Nan motar ta mutu mashi rannan da hantsi, da mutum shida a ciki, har da mai goyo. Shina ta murza makulli, sai ga ƙarar babura daga cikin daji. Mai goyon nan, an ce, ta toshe bakin ɗanta da hannu tana salati. Allah Ya sa 'yan kasuwa ne masu zuwa Bafarawa da buhunan gero, su ma sunka taya shi turi. Amma kafin la'asar labari ya gama tasha. Anka sa wa motar suna mai suma. In Auta ya yi lodi sai mutane su ce, "A'a, mu jira ta baya."

Ba inda bai kai ta ba a Sabon Birni. Wani ya canza filogi. Wani ya wanke mata hanyar mai. Wani mai 'yar na'ura ya jona ya kashe fitilar, Auta ya dawo da murna, da safe ta sake kamawa. Da ya koma sai mutumin ya ce ai ƙwaƙwalwar motar ce ta mutu, wadda suke kira birenbos, sai an nemo wata a Sakkwato ko Kano, kuma ko an samo ba tabbas ta karɓa.

Rannan Auta ya shigo ɗakina ya zauna bakin ƙofa, bai taɓa tuwon da matarshi ta aje mashi ba. Ya ce, "Inna, na samu mai sayen motar. Ran Asabar za ya zo. In na sallama ta, za ni haƙar zinari can cikin hamada, wajen wani abokina."

Samari biyu na sani a layinmu da sunka tafi wurin nan. Ɗaya ya dawo da tarin da ba ya jin magani. Ɗayan uwarshi har yau in ta ji waya ta yi ƙara sai ta zabura. Na dubi Auta, na ga gemun ubanshi a haɓarshi. Amma ban yi kuka a gabanshi ba, ban saba ba. Na ce, "Ka ba ni kwana ɗaya."

Akwai wata Bafillata mai kawo muna nono daga wajen Bafarawa, ita ta taɓa ce mani akwai wani makanike Bayarabe a Isa, haifaffen garin, wanda mota ke faɗa mashi ciwonta da bakinta. Na ce wa Auta gobe can za mu. Ya ce shi kaɗai za ya tafi, hanya ba ta tsofaffi ba ce. Na ce, "Za ni. Bijimaina ne a cikin ƙarfen ga. In mutuwa za ta yi, ta mutu ina gani."

Munka fita da sassafe, ina gaba, carbi a hannu. Da munka kai kwalbatin nan na ga ƙafarshi ɗaya a birki ɗaya a totur, gumi na zuba a wuyanshi. Ta yi kamar za ta ɗauke, ta shure, ta wuce.

Garejin rumfar kwano ce a bayan tasha, ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai. Mai wurin dattijo ne, gajere mai tumbi, da furfura a gemu, Hausarshi ta fi ta wasu 'yan garin. Yana ganin zanen fuskata ya aje abin da ke hannunshi ya riƙe ƙugu.

"La'ilaha! Yau Gobir ta kawo gaisuwa wurin iyayen gijinta. Inna, wa ya yi maki wannan aika-aika a kumatu, kaza ce ta yi tonon tsaba?"

Ku da ba ku sani ba, tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun na kakanni, ba a fushi. Na ce, "Rufe mani baki, bawan gidanmu. Manja da barkono sun toshe maka kai, har ka manta da wanda ya saye ka. Kawo mani kujera."

Ya yi dariya har tumbin na rawa, ya goge benci da hularshi ya aje mani a inuwa. Sannan ya juya wurin Auta, fuskar ta koma ta aiki. Bai taɓa motar ba sai da ya gama tambaya: yaushe ta fara, da safe ta fi ko da rana, mi da mi anka canza. Ya ɗauko wata na'ura kamar tafin hannu mai igiya, ya durƙusa ya jona ta ƙarƙashin sitiyari. Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Na ji ya karanta: fi, sifili, shida, sifili, uku. Har gobe ina riƙe da lambar nan kamar sunayen kakannina.

Na ce, "To, mi ta ce maka?"

Ya ce, "Ta ce tana mantuwa."

"Ashe dai ta mutu, kamar yadda anka ce."

"Inna, mai mantuwa daban, matacce daban. Bari in gaya maki. Motar ga tana da sani iri biyu. Akwai wanda ta zo da shi daga inda anka ƙera ta, wannan ba ya gogewa. Akwai kuma wanda take koyo a hannun ɗanki kullum: irin man da muke sha a nan, zafin garinmu, tsufan da injinta ya yi, yadda za ta riƙe numfashi in an ɗauke ƙafa. Wannan na biyun, sai da 'yar wuta kaɗan daga batir take riƙe shi, ko tana kashe. Kin san yadda kuke rufe garwashi da toka don a samu na hurawa da safe?"

Na ce, "Tun ba a haife ka ba."

"To haka. In garwashin ya mutu, da safe sai ta tashi kamar baƙuwa, ba ta san kowa ba, ta fara koyo daga farko. Lambar ga cewa ta yi garwashinta na mutuwa. Saura mu gano mi ke kashe shi. In mun duba ko'ina ba mu samu ba, sannan za mu zargi ƙwaƙwalwar."

Sai batirin ƙarƙashin gadona ya faɗo mani a rai. Na gyara lulluɓi.

Ya buɗe bonet. Ya ɗora wasu wayoyi biyu, ja da baƙa, a kan batirin ya duba agogonsu, ya ce batir lafiya lau. Ya sa Auta ya tayar, ya sake aunawa, ya ce injin na cika batir yadda ya kamata. Ya buɗe wani ɗan akwati ya zaro fiyus ya ɗaga shi ga rana, ya mayar. Ya bi baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen motar ya girgiza ta, tana nan daram. Sai ya kai hannu kan batirin, wurin maƙalin da ke kama shi, ya murɗa da yatsa biyu kawai. Abin ya juya kamar zobe a yatsar mai rama. Ga wata ƙusa an buga a tsakani don ya kama, ga wani gari fari da kore ya taru kewaye.

"Wa ya buga ƙusar ga?"

Auta ya ce, "Ni ne. Ya saki ne, shina motsi."

"Shi ya sa take ɗaukewa a rami. To amma mi ya sa ya saki?" Ya sunkuya ya shafa notin. "Dubi kan notin ga, ya cinye, har ƙyalli yake. Wannan ya sha sifana ba sau goma ba, ba sau ɗari ba. Wa ke kwance batirin ga?"

"Ni ne."

"Kullum?"

"Kullum."

"Don mi, ɗan'uwa? Kana direba?"

Auta ya sunkuyar da kai shina kallon takalminshi. Wasu direbobi biyu da ke jiran aikinsu sun matso, ɗaya har ya fara murmushi. Na san abin da za a kai tasha: Auta ya kashe motarshi da hannunshi don wauta. Kuma na san ɗana, ko za a yanka shi ba za ya ce uwarshi ce ta sa shi ba. Da na yi shiru, da shi ke nan, an gyara mota, girmana na nan. Na daɗe a duniya, ban taɓa cewa na yi kuskure a gaban maza ba.

Na buga sandata a ƙasa na ce, "Kai Bayarabe, bar yaron ga. Ni ce. A ƙarƙashin gadona batirin ga ke kwana, ni na sa, shi kau bai iya musa mani."

Makaniken ya dube ni, ya dubi Auta, sai ya zauna daɓas a kan wata taya ya kama ciki.

"Wayyo Allah! Jama'a ku zo ku gani, Bagobira ta yi sabon aure! Inna, sadaki nawa batir ya biya?"

Na ce, "Ya fi ka kunya, tun da ya zo bai taɓa yi mani surutu ba."

Kowa ya fashe da dariya, har Auta. Da dariyar ta lafa ya tambaye ni dalili, na ba shi labarin akumari. Sai na ga ya daina wasa. Ya juya wurin direbobin nan ya ce, "Ku kuna dariya, batir nawa anka sace maku bana? Tsohuwar ga ba a sace nata ba. Hankalinta daidai ne, jakin ne ya canza. Na da in an cire mashi akumari hutawa yake, na yanzu mantuwa yake." Wallahi da maganar nan ya mayar mani da zanena da ya kusa faɗuwa.

Ya ce a samo ruwan zafi wurin mai shayi, ya fara neman wani gari da yake wanke kan batir da shi bai gani ba. Ya ce ko akwai mai kanwa. Na kwance bakin zanena, don ba na rabuwa da ita saboda ƙwarnafi, na miƙa mashi. Ya jiƙa ta ya zuba, garin nan ya yi ta tafasa shina kumfa, ya goge da burushin ƙarfe har kan batirin ya fito fes. Ya ce, "Kun gani, ita ta kawo ciwo, ita ta kawo magani." Ya yanke tsohon maƙalin ya jefar da ƙusar, ya sa sabo ya ɗaure tamau, ya shafa man giris.

Sannan ya koma ga na'urarshi ya goge lambar, fitilar ta mutu. Ya tayar da motar ya ce kada wanda ya taɓa totur. Tana ta karkarwa, Auta na ta son kai ƙafa, shi kau ya riƙe mashi hannu. "Bar ta, karatu take." Muna zaune har na ci goro guda. A hankali karkarwar ta ragu, ta ragu, har muryar injin ta daidaita kamar numfashin mai barci. Ya kunna fitilu, ya kunna fanka, ta ɗan nisa ta riƙe. Sunka fita da Auta sunka zagaya gari, sunka bi ta ramuka da gangan, sunka dawo ba ta ɗauke ba.

Ina zaune na lura da wasu akwatunan ƙarfe guda uku a kan kantarshi. Na tambayi ɗaya daga direbobin, ya ce ai su ne birenbos ɗin, na sayarwa ne. Ashe abin da anka ce mu nema har Kano yana nan bisa kanmu, kuma mun zo da niyyar a ce muna shi ne. Da ya ɗauko ɗaya ya ɗaura, wa za ya ce don mi? Na riƙe wannan a zuciyata.

Da sunka dawo ya ce, "Kada ku yi murna tukuna. Safiya uku za ku ƙirga, ba mai taɓa batir. In fitilar ta dawo, to ƙwaƙwalwar ce, ku dawo mu san abin yi. In ba ta dawo ba, kun huta."

Na ce, "To ɓarayi fa? In bar shi waje su ɗauka?"

Ya ce, "Na san ba ki barin wannan." Ya kira mai walda na kusa da shi, anka gitta wani ƙarfe bisa batirin anka yi mashi kunne, ya saƙala kwado ya datse. Ya kuma ɓoye wani ɗan makunni a wurin da ni da Auta kaɗai ya nuna wa, in an kashe shi mai ba ya zuwa inji, ko an murza makulli sai dai ta yi ta tari. Sannan ya zo gabana ya ɗan rusuna, ya sa mani ɗan makullin kwadon a tafin hannu.

"Ga akumarinki, Inna. Wannan shi za ya riƙa kwana a ɗaki."

Safiyar farko ina kan buzun sallah na ji Auta ya murza. Ta tashi, ta tsaya da ƙafarta. Ban fita ba. Safiya ta biyu haka. Ta uku ita ce Asabar, ranar da mai saye za ya zo. Na fita da sandata na tsaya jikin taga, na ce ya nuna mani inda fitilar take. Ya murza, fitilu sunka kama gaba ɗaya kamar yadda suke yi, sunka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙura wa mai ruwan ɗorawar ido. Ta mutu tare da 'yan'uwanta.

Da hantsi mutumin ya zo da abokinshi, suna zagaya mota suna bubbuga taya. Ina daga zaure ina ji. Auta ya ce mashi ya yi haƙuri, an fasa. Da ya shigo na ce, "Zinarin fa?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, wa za ya riƙa kai ki Isa wurin mijinki Bayarabe?" Na ɗaga sanda, ya gudu.

Mutanen tasha ba su yarda nan take ba, sunan mai suma ya riga ya kama. Sai na ɗauki kwana huɗu ina shiga gaba, in zauna a miƙe da carbina, a je Isa da ni a dawo da ni. Duk wanda ya yi gardama in ce, "Ni da na haife shi ina ciki, kai ranka ya fi nawa ne?" A rana ta biyu wata mai goyo ta shigo ta zauna bayana, ashe ita ce ta ranar kwalbati. Da munka zo wurin na ji ta kama kafaɗata. Motar ta rage gudu, ta lallaɓa, ta haye, muryarta ba ta ko canza ba. Matar ta saki kafaɗata ta ce, "Alhamdu lillahi."

Na aika wa makaniken da zakara da ƙullin daddawa irin tamu, na ce a gaya mashi ya koyi cin miyar mutane. Ya aiko Auta da amsa, wai zakaran ma na da zane a fuska. Duk sallar da na yi ina sa shi a addu'a tare da 'ya'yana, Allah Ya rufa mashi asiri yadda ya rufa mani, Ya sa 'ya'yanshi su tsaya kusa da shi.

Makullin na nan a igiya a wuyana, tare da na akwatina. Tabarmar da ke ƙarƙashin gadona kuwa har yanzu da huji huɗu inda ruwan batir ya ci ta. Matar Auta ta so ta jefar, na ce ta bar mani abata.